Babi na Biyar: Tsakanin Aji da Panteka

Tun kafin idonka ya ga tsohuwar Panteka ta Kaduna, kunnenka ya riga ya isa. Guduma na dukan faifan ƙarfe, injin yanka na kuka a kan rodi, janareto goma na gurnani lokaci ɗaya, ga masu baro suna ta "hanya, hanya!" A nan na yi yawancin hutun makarantata, a rumfar kawuna mai walda, ƙanen mahaifiyata. Ita Inna ba ta yarda yaro ya wuni a gida yana jiran a sauke tukunya ba. Ranar da aka ba da hutu, washegari da sassafe za ta miƙo mini kuɗin koko ta ce, "Tafi wurin kawunka, ko ƙusa ce ka miƙa masa."

Aikina bai wuce miƙa sifana da riƙe bakin tef ba, don haka ina da lokacin kallo. Abin da ya fi cin hankalina shi ne masu zubin tukunya da ke bayan rumfarmu. Za ka ga mutum ya tsuguna gaban akwatin katako marar gindi, ya kifa tsohuwar tukunya a ciki, ya bi ta da yashi mai laima yana dannawa da 'yar taɓarya har ya kama. Sai ya raba akwatin a hankali, ya zare tukunyar, siffarta ta zauna cikin yashin ciki da waje. Ya hure ɓurɓushin da ya faɗa, ya mayar ya rufe, ya bar 'yar kafa a sama. Can gefe yaro na juya ƙafar keke da aka mayar zuga-zugi, gawayi ya yi jajir, gwangwanayen lemo da fasassun kayan injin mota sun narke sun zama ruwa fari kamar azurfa. Maigidan zai kwashe dattin da ya taso da ludayin ƙarfe, ya ɗauko kaskon da awartaki, ya tsiyaya ta kafar nan hannunsa ko rawa ba ya yi. In ya yi gaggawa, tukunya ta fito da rami. In ya yi nawa, ruwan ya daskare kafin ya kai baki. In yashin ya cika laima, tururi ya tofo masa narkakken ƙarfe a ƙafa. Babu ma'aunin zafi a wurin, launin wuta kawai yake duba. Bayan 'yan mintoci a fasa yashi, tukunya ta fito tana hayaƙi, yaro ya ja ta gefe ya hau ta da magagari.

Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da zanen wannan aiki a wani littafin fasaha, da sunansa na Turanci da lissafinsa. Na daɗe ina kallon shafin. Abin da ake koyarwa da alli a manyan makarantu, shi mutanen nan suke yi da hannu tun kafin a haife ni, kuma babu ko ɗayansu da ke da takardar da ta shaida ya iya.

Yaran Panteka iri-iri ne. Akwai 'ya'yan masu rumfa, waɗanda suka gaji sana'ar. Akwai waɗanda suka yi firamare kuɗin gaba ya gagara. Da masaƙun Kakuri suka fara mutuwa, sai 'ya'yan ma'aikatan masaƙa suka ƙaru. KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, gidajen da suka saba jiran ƙarshen wata suka wayi gari ba abin jira. Amma waɗanda suka fi yawa a idona almajirai ne. Akwai wani da ya zo mana daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, bai fi shekara tara ba, da robarsa a hannu. Ya fara da tsintar guntayen ƙarfe yana sayar wa 'yan gwangwan, sannan ya koma ɗebo wa Kawu ruwa, wata rana kuma aka ga ya riƙe bakin tef. Kolo muke ce masa, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Masu zagin tsangaya sukan manta, ko ba su taɓa sani ba, cewa karatun allo da sana'a tare suka taso. Ƙananan almajirai, waɗanda ake kira kolo da titibiri, su ke bara. Gardi kuwa kunya ce a gare shi ya miƙa hannu: ɗinkin hula yake yi, ko wankinta, ko yankan farce, ko sayar da turare, da damina kuma ya yi noma a gonar malam. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, daga makarantar allo ya fito ya kama fataucin goro kafin ya shiga gyaɗa. Abin da ya lalace shi ne ƙauyen da ke ciyar da tsangaya ya talauce, malam ya kwaso yara zuwa birni inda ba shi da gona, bara ta tashi daga neman abin kai wa baki na ɗan lokaci ta zama aikin wuni. A irin wannan hali, rumfa kamar ta Kawu ce ta ɗauki nauyin da kowa ya ajiye. Ba ta tambayar takardar haihuwa, ba ta karɓar kuɗin makaranta, kuma tana ba yaro abincin rana tun ranar farko. Kolo ya ajiye robarsa kafin ya cika shekara goma sha biyu. A sha biyar yana haɗa ƙofar ƙarfe shi kaɗai, ɗinkin waldarsa lafiyayye kamar an ja zare.

Zan so a ce nan labarin ya ƙare, domin ina ƙaunar wurin nan da mutanensa. Amma akwai wata rana da ba na mantawa.

Wani ma'aikaci da ke kawo wa Kawu gyara ya tsegunta masa cewa ofishinsu na neman mai yin ƙofofi da tagogi na sabon gini. Kawu ya sa babbar riga ya tafi. Aka ce ya kawo farashi a rubuce a kan takardar kamfani, da shaidar rajista, da ta biyan haraji. Ya dawo ya cire rigar ya rataye, bai ce wa kowa komai ba. Bayan kamar mako biyu sai ga wani mutum da jaka ya shigo rumfa yana tsallake wayoyi, ya ce ya samu kwangila yana neman gwani. Aikin nan ne dai. Ya ajiye zanen ya tafi.

Kawu ya juya takardar sama, ya juya ƙasa, sannan ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka karanta mini." Ina aji biyu na sakandare lokacin. Na karanta lambobin tsaf, amma ban san me suke nufi ba. An rubuta awon da milimita, shi kuwa Kawu da inci da ƙafa yake aiki. Akwai 'yan alamomi a gefen layuka da ban taɓa gani ba. Ni ina iya faɗin abin da ke kan takarda, shi yana iya faɗin abin da ƙarfe zai yarda da shi. In na ce dubu biyu da ɗari ɗaya, sai ya ja tef ya duba ɗaya gefen da bai saba dubawa ba, ya ce, "To, tsayin ƙofa ke nan, ci gaba." Muka kai har la'asar a kan shafi biyu. Da muka gama ya naɗe takardar, ya dube ni ya ce, "Ka gani, ɗana? Ni da kai in an haɗa mu, mutum ɗaya ne cikakke."

Wata uku aka yi ana aikin. Daga baya ma'aikacin nan ya gaya wa Kawu kuɗin da aka biya mai jaka. Abin da ya shigo rumfarmu, har da kuɗin ƙarfe, bai kai rabi ba.

Kuma kada wani ya ce Kawu jahili ne. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Yana da littafi mai jan bango da yake rubuta bashi da ajami, sunan kowa da ranar da ya karɓa, ba a taɓa kama shi da kuskuren kwabo ba. Rubutun da ke jikin takardar naira dubu, shi ya fara koya mini karanta shi. Amma in ya je cika fom, dangwala yatsa ake sa shi, a lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Mutumin da hannunsa ya saba da alƙalami tun yana ɗan shekara shida, watanni kaɗan yake bukata ya kama boko, da an samu wanda ya ɗauke shi a matsayin mai ilimin da zai ƙara wani, ba wanda za a fara daga sifili ba.

Mu kuma da muke aji, rabinmu ne ya ɓace ta ɗaya gefen. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, abin da aka sani da UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka shirya musu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, kuma niyyarsa kyakkyawa ce: a shekara ukun farko na sakandare kowane yaro ya taɓa zarto da guduma da waya, wanda ba zai ci gaba ba ya fita da abin yi. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. A makarantarmu akwai wani ɗaki da kullum yake kulle. In ka leƙa ta taga za ka ga akwatunan katako, wasu ko ƙusarsu ba a cire ba, gara ta ci gindinsu. Babu wutar da za ta tayar da injunan, babu malamin da aka koya wa tayar da su. Malaminmu, Allah ya saka masa, zarto yake zana mana a allo ya sa mu haddace sunayen sassansa. Ni da nake riƙe zarto na gaske a lokacin hutu, na ci jarrabawar ne da hadda kamar kowa.

Ga kuma abin da muke ji a gida. Uba in ya fusata da ɗansa sai ya ce, "In ka faɗi jarrabawar nan, gareji zan kai ka." Sana'a ta zama horo, kwali ya zama lada. Ko a cikin masu kwalin, an daɗe ana fifita mai digiri a kan mai HND a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma, alhali na biyun ne aka ce an horar don aikin hannu. Babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Kadpoly, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga Panteka. Duk ƙarshen shekara ɗalibanta kan shigo da zanen injin da suka tsara, na ɓarar masara ko na matsar man gyaɗa, su nemi wanda zai yanka ya haɗa. Sau da yawa na ga abin da ya faru tsakanina da Kawu yana maimaituwa: ɗalibi da lissafinsa, maigida da idonsa, suna gardama a kan kaurin ƙarfe, kuma injin da ya fi kyau shi ne wanda kowannensu ya saurari ɗan'uwansa.

Gwamnati ba ta zauna ba, gaskiya. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, an kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE a 1986, kuma ita ta taɓa ɗaukar matasa tana kai su hannun masu sana'a. A Afrilun 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, ta farko cikin 157 da aka gina, da yawansu daga baya suka koma kango ko aka mayar da su wani abu. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ga kuma rabon kayan sana'a da ya zama ruwan dare: horon sati biyu, keken ɗinki, hoto, kafin wata ya zagayo keken na kasuwa. Ban zargi yaron da ya sayar ba. Sati biyu ko zare ba ka gama koyon sawa ba, ga yunwa a gida. Abin da na lura da shi a yawancin waɗannan shirye-shirye shi ne sabon gini ake so a yi a kawo yara, alhali yaran suna can inda suke, a rumfuna, a hannun mutanen da suka riga suka iya koyarwa.

Shi ya sa abin da ya faru tsakanin Kadpoly da Panteka ya fi burge ni a kan gine-gine masu tsada. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin, aka ƙulla hulɗa da ƙungiyar masu sana'ar kasuwar, don a ƙara musu horo, a gwada ƙwarewarsu, a ba su shaida. A 2021 ya koma shugabancin NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da aka kafa a 1977. Ita ke riƙe da tsarin matakan ƙwarewa na NSQ, inda ba a tambayarka makarantar da ka yi. Mai tantancewa ne zai tsaya a kanka kana aiki, ya ga abin da hannunka ya iya, a ba ka matakin da ka kai. Dama akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku, sai dai mutane irin Kawu ko labarinsa ba su cika ji ba. Takarda ba ta ƙara wa mai walda gwaninta. Amma ita ce ke buɗe masa ƙofar kamfanin gine-gine, ita ce ke sa a kira shi da sunansa a ba shi aiki, maimakon a kira mai jaka.

Jamusawa sun daɗe da haɗa rabin nan biyu. Mai koyon sana'a a can yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makarantar sana'a. Akwai yarjejeniya a rubuce, akwai ɗan albashi, akwai jarrabawa a ƙarshe bayan shekara biyu zuwa uku da rabi. Ba sai mun je Turai ba ma: 'yan'uwanmu Ibo da ke sayar da kayan gyaran mota suna yanka wa yaro shekarun da zai yi, in ya cika maigida ya sallame shi da jari.

A nan dole in faɗi laifin gidanmu. A yawancin rumfunan da na sani ba a yanka wa yaro lokaci. Ranar yaye tana hannun maigida, in mai tsoron Allah ne ya sallame ka da injin walda da addu'a, in ba haka ba ka kai shekara talatin ana ce maka yaron wane, kuɗin abinci kawai kake karɓa. Wasu suna ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya buɗe rumfa kusa da su. Ga sakaci da lafiya. Na ga Kolo ya kwana yana kuka idanunsa sun yi jajir kamar an zuba barkono, don ya wuni yana walda da baƙin gilashin kasuwa maimakon garkuwar fuska. Ana ce masa kowa da haka ya saba. Da akwai wanda ya zaunar da su sa'a ɗaya ya bayyana musu abin da hasken nan ke yi wa ido, da tsofaffin masu walda da yawa ba sa lalube yanzu. 'Yan mata kuwa ko ƙofar nan ba su samu ba. Yarinyar da ke kawo mana tallan abinci tana lissafin kwano ashirin da canjin kowa a ka, ba ta taɓa ɓata ba, amma ba wanda ya yi tunanin wannan kan ya cancanci aji.

Karatun manya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai na Hausa don waɗanda suka fara karatu da gemu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, azuzuwan yamma suka cika da 'yan kasuwa da matan aure. Irin wannan aji Kolo ya shiga, a wata firamare da ke Tudun Wada, tsakanin magariba da isha'i, yana da shekara ashirin da wani abu. Kawu ne ya tura shi, kuma na san abin da ya tuna da ya tura shi. Bencin yara ne, gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai ya zauna a karkace. Abokansa na rumfa suka yi ta tsokanarsa suna ce masa ɗan aji ɗaya. Ya ce mini abin da ya fi ba shi wuya a makon farko shi ne hannunsa da ke son farawa daga dama. Da wannan ya wuce, sai ya tsere wa ajin, domin wanda ya yi shekaru yana wanke allo yana sake rubutu ba ya tsoron maimaici. Lissafi kuwa dama yana kansa, sunayen abubuwan kawai ya koya.

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Kafin nan ya sallami Kolo da injin walda ɗaya da rabin kwastomominsa. Da na je Kaduna bara na same shi a rumfarsa, da yara huɗu, biyu daga cikinsu almajirai. Garkuwar fuska uku na rataye a ƙusa. Ƙarfe huɗu na yamma ya ce wa ƙananan su wanke hannu su tafi aji, ya ce ya yi magana da malaminsu na allo sun raba lokacin. Ya buɗe wata jakar leda ya nuna mini takardu. Ɗaya yarjejeniya ce tsakaninsa da mahaifin wani yaro, shekara biyar, an rubuta ranar sallama da boko a sama da ajami a ƙasa, shaidu biyu sun sa hannu. Ɗayar kuma kwafin farashi ne da ya kai wata makaranta mai zaman kanta, da rubutun hannunsa: ƙofa 6, taga 14, awon kowacce da milimita. Ya ce, "Yaya, duba mini ko akwai gyara." Akwai harafi ɗaya da ya juya baya. Na nuna masa, ya ciro biro daga aljihu ya gyara, ya ce ai sun riga sun biya rabin kuɗin, jibi zai kai tagogin.